Lahadi: ni da Suzanne Lenglen

Ruwan sama ya tsare ni a gida tun hantsi. Na kunna talabijin, sai na tarar ana maimaita wani wasan tanis na Roland Garros, babbar gasar Faransa, a filin da ake kira Suzanne Lenglen. Ƙanwata tana gefe tana tsinke zogale, ta ce, "Yaya, wace ce kuma wannan da har aka ba ta fili sukutum?" Shi ke nan fa, hira ta ɓarke har la'asar.

Na ce mata 'yar Faransa ce, haifaffiyar Paris a 1899. Mahaifinta Charles ne ya horar da ita, kuma mutum ne mai tsanani: sai ya shimfiɗa hankici a fili ya ce ta yi ta buga ƙwallo har ta sauka a kansa. Tana da shekara 15 ta ci gasar duniya ta 1914.

Wasan da na fi jin daɗin ba da labarinsa shi ne na ƙarshe a Wimbledon, babbar gasar Ingila, a 1919. Abokiyar karawarta Dorothea Lambert Chambers, mai shekara 40, ta riga ta ci kofin sau 7, ta fito da siket har idon sawu. Ita kuwa Suzanne rigarta iya ƙauri, hannu a waje, Turawan Ingila na ta ƙus-ƙus. Sau biyu saura maki ɗaya a fitar da ita, ta ƙi faɗuwa, ta ƙare da 10-8, 4-6, 9-7. Daga nan kofin ya zama nata har 1923, ta ƙara a 1925.

Inda muka yi musu shi ne 1926. Bayan ta doke Helen Wills, gwanar tanis ta Amurka, a garin Cannes na Faransa, ta karɓi dala 50,000 daga wani Ba'amurke, C. C. Pyle, ta koma buga wasa don kuɗi. Ƙanwata ta ce kwaɗayi ne. Ni ban yarda ba. Shekara da shekaru ita ke cika fili, masu gasa na kwashe kuɗin ƙofa, ita sai kofi da tafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Da ta nemi nata rabon, Wimbledon ta soke mambancin girmamawar da ta ba ta, aka kuma rufe mata ƙofar manyan gasa, don a lokacin ba a barin masu buga wasa don kuɗi su shiga.

Ta rasu a 1938 tana da shekara 39. Ƙanwata dai har aka kira magariba ba ta sauka daga bakanta ba, wai me ya hana ta haƙura ta ƙara cin kofi biyu tukuna.