Matar da ta hana ni barci jiya

Jiya barci ya ƙi zuwa, ina ta latse-latsen waya kawai na faɗa kan bidiyon wata baturiyar Ingila, Victoria Coren Mitchell, wadda na sani da gabatar da kacici-kacici a BBC, ashe gwanar karta ce ta bugawa a jarida, irin kartar nan da ake kira poka. Wallahi har ƙarfe biyu ina kallo, data ta ta tafi a banza.

A 2006 ta cinye gasar EPT, wato babbar gasar poka ta Turai, a Landan, fam 500,000 cif, ita ce mace ta farko da ta taɓa ci, sannan a 2014 ta sake ɗauka a San Remo ta Italiya, kafin ita babu wanda ya taɓa ci sau biyu, mace ko namiji.

Ni dai caca ba ruwana da ita, kar wani ya zo min da wa'azi a ƙasa. Natsuwarta ce ta tsaya min a rai, kuɗi jibge a gabanta amma tana ta raha da abokan karawarta kamar ana hirar shayi. Ni da ko ludo ake yi da ƙannena sai gumi ya karyo min.