Fara da Bakan da Za Ka Raina

Duk wanda ya tambaye ni yadda zai fara harbi da kwari da baka irin na gargajiya, amsa ɗaya nake ba shi, kuma ba kasafai take yi masa daɗi ba: ya nemi baka mara ƙarfi, wanda in ya ja zai ce ai wannan na yara ne. Maza musamman ba sa son jin haka. Mutum bai taɓa ɗana kibiya ba, amma ransa na kan baka mai ƙarfin laba 50, wai don da shi zai shiga daji.

Ana auna ƙarfin baka ne da nauyin da hannu ke riƙewa idan an ja tsirkiya inci 28, kuma yawanci za ka ga an rubuta shi a jikin bakan. In hannunka dogo ne, kowane inci da ka ƙara yana ƙara maka laba biyu ko fiye. Babban mutum mai lafiya, laba 25 zuwa 30 sun ishe shi farawa, wato kilo 11 zuwa 14. Abin da ke jan baka naman baya ne, wanda ke tsakanin allunan kafaɗu, kuma aikin yau da kullum bai cika motsa shi ba. Shi ya sa za ka ga ƙato mai ɗaga buhu yana makyarkyata da bakan da wata siririyar mace ke harbawa cikin nutsuwa. In baka ya fi ƙarfinka, za ka riƙa sakin kibiya tun hannu bai iso fuska ba, jiki ya haddace wannan gaggawar, kuma fitar da ita ya fi koyon harbin wuya. Ga ciwon kafaɗa a kai.

Masu son babban baka sukan kafa hujja da maharban Ingila na da. Gaskiya ne, dogayen bakunan da aka tsamo daga jirgin ruwan Mary Rose, wanda ya nutse a 1545, ana ƙiyasta ƙarfin da yawansu ya haura laba 100. Sai dai mutanen nan tun suna yara suke ja, har abin ya bar alama a ƙasusuwan kafaɗun wasunsu.

Ni bakan da nake yaba wa mai koyo shi ne mai lanƙwasassun kunnuwa da ake kwancewa gida uku: mariƙi a tsakiya, da rassa biyu da ake ɗaurawa da kusoshi. Irinsa nake riƙe da shi, mariƙin katako, tsawon inci 62. In ƙarfinka ya ƙaru, rassan kawai za ka sauya, mariƙin da hannunka ya saba da shi yana nan. Dogon baka miƙaƙƙe ya fi kyan gani, ya kuma fi shiru, ban musa ba, amma ya bari sai nan gaba. Kafin ka zaɓi na dama ko na hagu, gwada idonka: miƙa hannu ka nuna wani abu mai nisa da yatsa, idanu biyu a buɗe, sannan ka rufe su ɗaya bayan ɗaya. Idon da yatsa bai gusa ba in shi kaɗai ne a buɗe, shi ne shugaba, kuma ya fi sauƙi ka ja tsirkiya ta ɓangarensa.

Inda mutane suke sakaci shi ne kibiya, alhali ita ce rabin harbi. Lokacin da tsirkiya ta zame daga yatsu, ba a miƙe kibiya take fita ba. Tanƙwarewa take yi, ta miƙe, ta sake tanƙwarewa ɗaya gefen, kamar kifi yana iyo, a haka take wuce jikin baka. Don haka dole taurinta ya dace da ƙarfin bakan. Ga mai ja da hannun dama, kibiyar da ta cika tauri hagu take nufa, wadda ta cika laushi kuma dama. Sai ka ga ɗan koyo yana ta zargin hannunsa, nan kuwa kibiyar ce ba ta bakansa ba. A jikin kibau na kabon akwai lamba, 400, 500, 600 da sauransu, kuma lambar tana hawa laushi yana ƙaruwa. Baka mai laba 25 zuwa 30 yakan so 600 ko sama da haka. Tsawonta ya zarce iyakar janka da inci ɗaya ko biyu, don kada ta zame ta caki hannun da ke riƙe da baka. In a kan mariƙi kai tsaye kibiyar take kwanciya, nemi mai gashin tsuntsu na gaske. Gashi yana kwantawa ya wuce, fiffiken roba kuwa dukan katako yake yi ya karkatar da ita.

Kada ka taɓa jan tsirkiya ka sake ta ba kibiya, domin ƙarfin da ya kamata kibiya ta tafi da shi cikin rassa yake komawa, yana iya tsaga su a fuskarka. Ka riƙa ɗaura tsirkiya da igiyar da aka yi don haka, bankare baka da ƙafa yana murɗe rassa. Don kariya daga tsirkiya, sa fata a yatsun da ke ja, da fata a cikin hannun da ke riƙe da baka, tsakanin wuyan hannu da gwiwa. Kibiyar kabon da ta daki abu mai tauri, lanƙwasa ta kusa da kunne ka saurara, in ta yi ƙara ta gama aiki.

Riƙon tsirkiya iri-iri ne. Wasu yatsa ɗaya sama da kibiya biyu ƙasa, wasu duka ukun a ƙasa, Turkawa da Mongolawa da mutanen Koriya kuwa da babban yatsa suke ja, da zobe a kansa. Ɗauki ɗaya ka zauna a kai. Abin da ba ya canzawa shi ne hannu ya riƙa sauka wuri ɗaya a fuska kowane harbi. Ni ɗan tsakiyata nake kaiwa gefen baki. Bakan gargajiya ba shi da abin saiti, wannan wurin saukar hannun shi ne saitinka. Fara daga mita biyar, ko da za a yi maka dariya. Sai kibau sun riƙa taruwa wuri guda sannan ka ja da baya taku biyu.

Farauta kuma wata magana ce daban, kuma doka ce farkonta. A Birtaniya an haramta farauta da baka gaba ɗaya. Faransa ta halatta ta a 1995, da sharaɗin mutum ya halarci horo na musamman. A Amurka kowace jiha da tsarinta, akwai lokacin da aka keɓe wa masu baka, kuma jihohi da dama sun ƙayyade mafi ƙarancin ƙarfin bakan da za a harbi babbar dabba da shi, galibi wajen laba 35 zuwa 40. Ko'ina kake, ka san dabbar da aka hana taɓawa, ka san lokaci, ka sami lasisi da izinin mai wuri.

Akan ce harbi a wutsiya ya fi kuskure. A farauta da baka ban yarda da wannan ba ko kaɗan. In ka kuskure, dabba ta tafi da lafiyarta. In ka same ta a cinya ko a tumbi, ka aika ta ta mutu a wahale inda ba za ka gan ta ba. Kibiya ba ta da bugun harsashi, yanka take yi, zubar jini ke kashewa. Don haka kan kibiyar farauta mai faɗi sai ya yi kaifin da zai aske gashin hannunka, kuma wurin nema ɗaya ne: huhu da zuciya, daidai bayan ƙafar gaba, lokacin da dabba ta ba ka gefe ko ta ɗan juya maka baya. In ta fuskance ka, bar ta.

Nisa ma haka. Kibiyar bakan gargajiya tana tafiyar kusan mita 50 a daƙiƙa, sauti kuwa mita 340. Ƙarar tsirkiya tana riga kibiya isa, barewa ta durƙusa don zabura, kibiya ta bi ta saman gadon bayanta. Wannan ya sa yawancin masu wannan farauta ba sa wuce mita 20, da yawa ma ƙasa da 15 suke harbi. Ishi, mutum na ƙarshe daga ƙabilar Yahi, wanda ya fito daga dajin Kalifoniya a 1911 ya koya wa likita Saxton Pope farauta da baka, an ce a gasar harbin allo Pope ya fi shi. Gwanintarsa tana wajen sanɗa da kiran dabba da haƙurin zama har ta matso. Ni ma abin da ya fi cin lokacina ke nan yanzu: iska ta riƙa busowa daga wajen dabba zuwa gare ni, ƙafa ta sauka ba ƙara, hannu ya motsa sai lokacin da ta sunkuyar da kai.

Awon da nake yi wa kaina kafin in yarda da wani nisa shi ne da'ira mai faɗin santimita 20, da kibiyar farko ta ranar, jiki bai yi ɗumi ba. Kibiya ta goma ba ta cikin lissafi, tunda a daji ba za ka samu ta goma ba. Atisayen da ya fi kusa da farauta kuma shi ne yawo da kibiya mai dakusasshen kai, kana harbin ruɓaɓɓen kututture ko tulin ƙasa a nisan da ba ka auna ba, wani a tsaye, wani a durƙushe, bayan ka tabbatar ba kowa a bayan abin.

In harbi ya samu, kada ka bi nan take. Lura da inda dabbar ta tsaya da inda ta ɓace, ka zauna aƙalla rabin awa. Sannan duba kibiya da ƙasa: jini mai haske da kumfa na huhu ne, ba za ta yi nisa ba. Mai duhu na hanta ne, ƙara jira. In ka ga ɗanyen abinci ko ka ji warin tumbi, sai an ba ta awanni masu yawa, don in ka tashe ta daga inda ta kwanta, da wuya ka sake ganin ta. Kana bin sawu, riƙa sa alama a ɗigon jini na ƙarshe da ka gani, kuma ka taka gefe, kada ka goge shi da ƙafarka.