Mesar da ta ƙi cin abinci mako shida

Lokacin da nake karatu a Ingila na yi shekara biyu ina aikin ƙarshen mako a wani shagon sayar da dabbobin gida, ɓangaren macizai da ƙadangaru. Kafin nan, abin da na sani na ajiye maciji bai wuce na gardi ba, wanda ke ɗaga murfin kwando a kasuwa yara su watse. A can kuwa sai na tarar ana kiwonsa kamar yadda muke kiwon tantabara. Wadda aka fi saye ma 'yar yankinmu ce, ƙaramar mesar nan da ke dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata, wadda aka daɗe ana fitarwa daga Ghana da Togo da Benin. Tsawonta mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma tana iya kai shekara 30 a hannun mai kula.

Wani saurayi ya sayi ɗaya a hannuna. Na zaɓar masa akwati mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60, awon da ake so ga babba don ta samu miƙewa. Na haɗa masa da kwanon ruwa da maɓoya guda ɗaya mai faɗi, na sallame shi ina ganin na yi daidai. Bayan mako shida ya dawo hankalinsa a tashe: ta ƙi taɓa ɓera, dare ya yi sai ta dinga goga hanci a gilashi. Nan take na ce akwatin ne ya yi mata girma, a mayar da ita ƙarami.

Dattijuwar da ke koya mini aiki ta ji mu. Ta tambaye ni, a ƙasarku ina take kwana? Na ce cikin ramin gafiya ko tsohon suri. Ta ce to dajin da ke kewaye da surin, wa ya yi masa katanga? Nan na gane inda na kauce. Fili ne fetal na ba ta, babu inda za ta ratsa ba tare da ta ji ido a kanta ba.

Muka bar akwatin yadda yake, muka cika shi. Maɓoya biyu, ɗaya a gefen ɗumi, ɗaya a gefen sanyi, kowace matsattsiya har jikinta na taɓa bango. Wannan shi ne abin da ya fi zauna mini. Maciji ba ya samar da zafin jikinsa, sai ya yi ta kai da komo tsakanin wuri mai digiri 31 ko 32 da wuri mai kusan 25. In maɓoyar ɗaya ce, zai fifita ɓuya a kan ɗumi, abinci ya ƙi narkewa, ci ya tsaya. Muka haɗa abin ɗumama akwatin da na'urar daidaita zafi, domin maciji kan kwanta a kan abu mai zafi har ya ƙone cikinsa bai matsa ba. Muka zuba ɓawon kwakwa a ƙasa don ya riƙe danshi wajen kashi 60 cikin ɗari, saboda hitar gidajen Ingila tana busar da iska, saɓa ta fita gutsi-gutsi ta maƙale a ido da ƙarshen wutsiya. Sai rassa da ganyen roba a tsakanin maɓoyun, da sakata a ƙofa.

Na roƙe shi kada ya ɗauke ta a hannu har sai ta ci. Cikin mako na biyu ta kama ɓera. Bayan wata guda ya shigo shagon da saɓarta a leda, ta fita ɗungurungum tun daga murfin ido har wutsiya, ya shimfiɗa mana ita a kan kantar shagon.