Talata: hotuna huɗu da tambayar Rabi

Wuta ta dawo kafin asuba, waya ta cika, alhamdu lillahi. Jiya da dare Mushe Sani ya turo takardun darasi a gurup ɗinmu na malaman makaranta a WhatsApp, na sauke su duka kafin megata ta ƙare.

Na tarihi da taswira ya yi daɗi sosai. Jihohin Nijar takwas kowace da launinta, ga Tawa tamu ta yi iyaka da Agadas, Maradi, Doso da Tilaberi. Waya ɗaya ce, yara sun haura saba'in, sai na riƙa bi layi-layi ina buɗa hoton da yatsa biyu. Da Konni ta fito Musa ya yi ihu, wai garin kawunsa ne. Na tambayi shekarar da aka mai da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai, hannuwa suka tashi: 1926. Na fita rekreyasho zuciyata fari ƙal.

Darasin rubutu ne ya ɓata mini rai. Takardar a Faransa aka shirya ta. Hotuna huɗu: ƙanƙara ta rufe gida, furanni, bakin teku, sai itace da jajayen ganye suna zuba. A zaɓi lokacin da aka fi so a shekara, a rubuta layi biyar.

Rabi ta ɗaga hannu. "Madam, wanne ne kaka?"

Na nuna mata mai ganyen. Ta kafe shi da ido, ta daɗe. "To ina hatsin?"

Saura minti ashirin a tashi. Na ce, "Ki zaɓi ɗaya dai, Rabi." Ta ce to, ta sunkuya kan kayenta, wato littafin rubutunta.

Yanzu na gama duba shi. Ƙanƙara ta zaɓa. Layi biyar cif, babu kuskure ko ɗaya, kalmomin ƙasan hoton ne ta jera. Yarinyar da makon jiya ta tsayar da ni bakin ƙofa tana ba ni labarin yadda suka ɗaure dammunan hatsi a gonar kakarta a Keita, da yadda ƙaiƙayi ya hana ta barci, har muryar tsohuwar take kwaikwayo. Duk wannan yana bakinta, ni kuma na ce ta zaɓi ɗaya dai.

Ba laifin takardar ba ne, don ƴaƴan can aka yi ta, kuma ta dace da su. Ni ce na saki baki da kyan hoto ban karanta ta da idon ɗan Adar ba. Mu ma muna da namu: damina, kaka, ɗari, rani. Ga iskar ɗari ta fara busar mana da leɓe, masu albasa a Galmi suna ta dashe. Wanne yaro ne a ajina zai rasa layi biyar a kan wannan?

Na roƙi Baban Abdul ya kai ni bayan gari ranar Asabar a kan moto, in ɗauko rumbu da karan gero da lambu. Ya ce sai in an samu esansi.

Tuwo da miyar kuka. Tarin Abdul ya yi sauƙi. Hajiya ta kira, ban iya doguwar hira ba.

Na ba kowa makinsa, ban da Rabi. Kayenta yana cikin jakata, jan bik na saƙale a shafin.