Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: "A Fitar da Shi Waje"

A makon jiya na tsaya ne a inda likita ya miƙo min takardar sakamakon ɗan naman da suka ɗebo daga furostet ɗina don gwajin sankara, na ninke ta huɗu na cusa a aljihun gaba kamar rasit ɗin kuɗin wuta. Ban buɗe ba sai da na dawo gida na yi la'asar. Shekara 35 ina koyar da lissafi a sakandare, amma ranar na zauna ina kallon 4+3=7 da aka rubuta a takardar kamar ɗan aji ɗaya. Me ya hana su rubuta 7 kawai?

Bayan kwana uku muka koma tare da babban yarona. Likitan sa'an ɗana na biyu ne, har na taɓa koyar da yayansa. Na yi masa tambayar, ya yi murmushi ya ce, "Baba, a lissafinku 3+4 da 4+3 duk ɗaya ne. A namu akwai bambanci." Ma'aunin Gleason ke nan. Ana duba naman a madubin likita, a ba kowane irin ƙwayoyin cutar lamba daga 3 zuwa 5 gwargwadon muninsu, kuma lambar farko ita ce irin da ya fi yawa. Nawa, masu lamba 4 ne suka rinjaya. Sai ya jawo takarda ya zana min furostet ɗin: wata 'yar tsoka kamar goro a ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarta. Jama'a na cewa sankarar mafitsara, alhali mafitsarar kanta lafiyarta ƙalau, maƙwabciyarta ce ta kamu. Gwajin jinin PSA, wanda ake bibiyar cutar furostet da shi, ya nuna 16, hoton MRI da na ƙashi kuma sun nuna cutar ba ta fita daga gidanta ba. Nan na yi hamdala ta farko a cikin mako guda.

Likitan ya ce akwai waɗanda ba a taɓa su ma, galibi masu jimilla 6, wato 3+3, sai dai a riƙa auna jininsu ana sa ido, domin cutar na iya tafiyar hawainiya har mutum ya cika da wani ciwon daban. "Naka ya wuce nan, Baba." Saura hanya biyu. Ko a yi tiyata a cire tsokar gaba ɗaya, ko a yi gashi da na'ura, wato rediyoterafi, a haɗa da allurar da ke danne sinadarin mazakuta na tsawon watanni, tunda da shi cutar ke ci ta ƙoshi. Gashin kullum ake yi daga Litinin zuwa Juma'a, wasu sau 20 a mako huɗu, wasu kusan sau 40 a mako takwas. Allurar, irin su Zoladex, a fatar ciki ake yin ta, duk wata ko duk wata uku. Daga baya na karanta cewa wani likita a Shikago, Charles Huggins, shi ya gano wannan dabara a 1941 bayan ya yi ta gwaji a kan karnuka, har aka ba shi kyautar Nobel a 1966. Na ce a raina, kakana da ke dandaƙe bijimai a ƙauye ya san rabin wannan ilimin, ba wanda ya ba shi ko kwabo.

Daga nan ya dubi yarona ya ce ya ɗan ba mu wuri. Da ƙofa ta rufe sai ya sassauta murya. Tiyata, in ji shi, za ta bar ni da robar fitsari na kamar mako ɗaya zuwa biyu, bayan an cire kuma fitsari na iya riƙa zubowa ba da sanina ba na tsawon watanni, wasu ƙalilan ma ba ya tsaya musu. Jijiyoyin da ke tayar da namiji manne suke da tsokar, ko an yi ƙoƙarin tsallake su ba a ba da tabbaci. Gashi kuma yana iya taɓa hanji da mafitsara, raunin mazakuta ya biyo baya a hankali, allurar ta kashe sha'awa, ta kawo zufa da zafin jiki da kasala. Haihuwa dai, kusan ta kowace hanya, sai a yi sallama da ita.

Abin da ya fara zuwa raina alwala ce. Na tambaye shi yadda mai yoyon fitsari zai tsaya a sahun farko, ya ce wannan fatawa ta malamai ce, shi dai ya san akwai motsa jiki na ƙugu da ke taimakawa. Sauran tambayar na haɗiye ta. Ina da mata biyu, amaryar ba ta kai arba'in ba.

Kafin mu iso gida labari ya riga mu. Bayan isha'i zaure ya cika: Yaya, ƙannena biyu, surukina, da yarana maza. Ba wanda ya tambayi lambar Gleason, ba wanda ya tambayi wace hanya likita ya ba da shawara. Magana ɗaya ce ke yawo, "A fitar da shi waje." Wani ya ce Indiya, wani ya ce Masar ta fi kusa, akwai jirgi daga Kano kai tsaye zuwa Alƙahira, ga Musulmi ga abincin da ciki ya sani. Surukina ya ce Dubai, aka yi shiru, domin kowa ya san ba aljihunmu ba ne. Yaya ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Ba za a ce ƙanina ya lalace a gida muna da gona ba. A sayar da ta bakin rafi."

Na san ƙauna ce. Amma na lura a wurinmu fitar da majiyyaci waje ya zama wani irin wanke kai, don kada gobe a ce dangi ba su yi ƙoƙari ba. Ni da ciwon ke jikina ina zaune a kan buzu ana ciniki a kaina, ba wanda zan iya gaya wa abin da likita ya faɗa bayan an rufe ƙofa. Ta yaya zan dubi Yaya, mutumin da ya goye ni, in yi masa zancen shimfiɗa?

Lokacin ma bai yi mana daɗi ba. Bayan Babbar Sallar 2023 ne, an cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, a watan Yuni kuma Babban Banki ya saki naira, dalar gwamnati ta tashi daga wajen 460 ta haura 700. Yarona ya je kasuwar 'yan canji ta Wapa da safe ya ji farashi, ya koma da yamma ya tarar ya motsa. Da mun san za ta wuce 1,500 a farkon 2024 da mun ce arha muke gani.

Kwana biyu sai ga wani dillali, abokin surukina ya kawo shi, da jaka da turare mai ƙarfi. Ya ce shi ke kai marasa lafiya Delhi, zai samo takardar gayyata daga asibiti, bizar jinya tawa da ta mai rakiya, masauki, tafinta, har motar ɗauko mu. Ya nuna min bidiyon na'urar tiyata mai suna da Vinci a waya, mai hannuwa huɗu, likita na zaune gefe yana sarrafa ta. Ya ce da ita ba yoyo, ba rauni, kwana goma in dawo kamar ango. Na tambaye shi ko ya duba takarduna. Ya ce ba sai ya duba ba. Na sa aka kawo masa ruwa, na raka shi bakin ƙofa.

Na kira likitana a waya na gaya masa. Ya yi dariya ya ce na'urar gaskiya ce, tana rage zubar jini da kwanakin gado, amma hannun mai sarrafa ta ne ke yanke hukunci, kuma ba mai gaskiyar da zai yi alkawarin ba yoyo. Ya ce gashin ana yin sa a Abuja da Legas, abin dubawa shi ne tsawon layi da tabbacin na'ura ba za ta tsaya ana tsakiyar magani ba, domin gashin da aka fara ba a son yanke shi. In kuma waje na zaɓa, in tambayi likitan can sau nawa ya yi irin wannan aikin, in karɓo gilasan naman da aka gwada in tafi da su a sake dubawa, in tabbatar katin rigakafin shawara na hannuna, in kuma san wanda zai ci gaba da auna min PSA bayan na dawo, tunda wannan bibiya ta shekaru ce. "Kuma Baba, kada a gaggauta ka. Irin naka yana ba da makonnin yin tunani."

Daren nan na shiga ɗakin uwargida. Shekara 38 muna tare, amma sai da na yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman rance kafin na faɗa mata. Tana ninke kaya, ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, tun ranar da kuka dawo na gani a fuskarka. Mu dai kai muke so a gidan nan. Ita ma yarinyar ka gaya mata da bakinka, kada ta ji a wani wuri." Sannan ta ce gonar bakin rafi ba za a taɓa ta ba, a fara da sarƙarta da filin da ta gada.

Washegari na sa yarona ya tura takarduna kai tsaye ta imel zuwa asibitoci biyu, ɗaya a Delhi ɗaya a Alƙahira, ba ta hannun kowa ba. Cikin mako guda duk suka amsa. Takardu iri ɗaya muka tura musu, hoto ɗaya, lamba ɗaya. Na Delhi ya ce tiyata. Na Alƙahira ya ce gashi da allura. Ina riƙe da amsoshin biyu ina juya su sai ga sallamar Yaya a zaure, ya zo da mai sayen gona.

Mu haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.