Abin da taswira ta ɓoye mini a Getisbag

A shekarata ta farko ta digiri na biyu a fannin tarihi a Amurka, na rubuta takarda kan yaƙin Getisbag, ɗaya daga cikin gumurzun yaƙin basasar Amurka tsakanin jihohin Arewa da na Kudu, na yi wa Janar Robert Lee, kwamandan rundunar Kudu a wurin, kaca-kaca. Na ce mai hankali ba zai tura mutum kusan 12,500 su ratsa fili fetal su tunkari bakin igwa ba. Malamarmu ta dawo mini da takardar babu maki, sai tambaya ɗaya da jan biro: "Ka taɓa taka wurin?" Raina ya ɓaci ƙwarai, don kwana uku na yi ina fama da taswirori.

A ƙarshen zango aka kwashe mu a bas zuwa jihar Fensilbeniya. Tun 1933 filin dagar yake hannun hukumar da ke kula da gandayen ƙasa na Amurka, an gyara shi tas, ga kwalta ta zagaye shi. Yawancin masu yawon buɗe ido a mota suke bi, su tsaya su ɗauki hoto a jikin igwa su wuce. Mu kuwa an sauke mu a bakin itatuwan da sojojin Kudu suka jeru ranar 3 ga Yuli, 1863, aka nuna mana wata gajeriyar katangar dutse can kan tudu, inda sojojin Arewa suka ja daga, aka ce bismillah, da ƙafa.

Daga inda Lee ya tsaya, tudun bai yi kama da abin tsoro ba. Tazarar kilomita ɗaya ce da 'yan kai, hawan kuma ba tsauri. Ƙasar ma ba shimfiɗe take ba kamar yadda takarda ta nuna mini: akwai kwaruruka da in ka gangara ciki, tudun yakan ɓace maka ɗungurungum. Ƙara da cewa kafin harin igwogin Lee sun daɗe suna aman wuta, hayaƙi ya turnuƙe, ba wanda ya ga cewa yawancin harsasan tsallake sahun Arewa suke yi. Har yau ina ganin Lee ya yi kuskure, amma na daina kiran abin wauta, don na ga ta ƙofar da kuskuren ya shigo.

Shingen katako na bakin hanyar Emmitsburg, wadda ta ratsa filin, shi ya fi tsaya mini a rai. A taswirata siririn layi ne da ban ko kula da shi ba. Da na zo haurawa, jaka a baya, gumi na zuba, sai da wandona ya maƙale. Ba mai harbina, amma gabana ya faɗi, don a saman irin wannan shingen aka yi ta kakkaɓe mutane. Fiye da rabin waɗanda suka fita harin an kashe su, ko an raunata su, ko an kama su.

Filin cike yake da gumaka da duwatsun tunawa sama da 1,300, har da na Lee bisa dokinsa, wanda jihar Bajiniya ta kafa a 1917. Kusa da inda harin ya ƙare kuwa akwai wani ɗan farin gida da saura kaɗan in wuce ban waiwaya ba. Na Abraham Brian ne, baƙar fata, manomi, ba bawan kowa ba. Ya kwashe iyalinsa ya gudu kafin yaƙin, domin rundunar Lee tana kama baƙaƙen da ta tarar tana aikawa Kudu cikin bauta. A takardata ta farko ko sau ɗaya kalmar bauta ba ta fito ba, ina can ina lissafin igwa.

Da na sake rubutawa, daga ƙofar gidan Brian na fara. Ya dawo ya tarar an ragargaza gidan, an tattake gonar. Ya nemi gwamnati ta biya shi diyyar dala 1,028, aka ba shi dala 15.