Tayar baya ta daina sacewa, na kuma hau Sant Miquel ban sa ƙafa a ƙasa ba

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu koyon hawan keke a kan burji. Ranar Asabar da ta wuce na bar garin Girona na ƙasar Sifaniya da fitowar rana, na zagaya arewacin tsaunukan Les Gavarres, na dawo gida kafin la'asar da kilomita 62 a agogon keken, kuma tun fitata har komawata ban zaro famfo daga jaka ba. Wanda bai san halin da nake ciki tun watan Yuli ba zai ce ai wannan ba labari ba ne, amma waɗanda na ishe su da kuka a kan tayar baya sun san wata uku ke nan ina fama da ita, har na fara tunanin in koma wa tub in huta da wahalar tubles, wato tayar da ba a sa mata tub a ciki.

Ga yadda ciwon yake. Tayar mai faɗin milimita 40 ce, a kan rim mai faɗin ciki na milimita 23. Idan na ba ta iska da dare, da safe sai in tarar ta rage kusan rabin ba (wato bar, ma'aunin ƙarfin iskar taya), wanda ba abin tayar da hankali ba ne a sabuwar tubles. Amma da zarar na bar kwalta na shiga inda keke ke jijjiga, sai sacewar ta ƙara sauri, ta yadda cikin awa biyu zan fara jin rim yana dukan dutse. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne a kan hanyar Carrilet, wato tsohon layin dogon da ya yi aiki tsakanin Girona da Sant Feliu de Guíxols daga 1892 zuwa 1969, wanda aka mayar da shi hanyar keke mai kimanin kilomita 40, tayar ba ta nuna komai, domin burjin wurin a daddaɓe yake sumul. Sai in yi gwaji a can, in dawo ina murna na warke, mako ya zagayo in shiga daji ta sake kunyata ni.

Farkon abin da na zarga ita ce tayar kanta. Arewacin Gavarres dutsensa irin mai faifai-faifai ne da ke tsagewa da kaifi, ba kamar kudancinsa ba inda dutsen ya ruɓe ya zama yashi mai gautsi da mutanen nan ke kira sauló, saboda haka na ɗauka wani tsini ne ya yanki gefen tayar. Na sayi sabuwa Yuro 55, ban ga canji ba. Daga nan na koma kan ruwan faci, wato ruwan da ake zubawa cikin tubles don ya toshe ƙananan huji, na ce zafin Agusta ne ya busar da shi, wanda kuwa yana faruwa, sai na wanke cikin tayar na zuba sabo mililita 60, bayan mako biyu na ƙara wani 30. Da wannan ma ya ƙi, sai na cika bahon wanka na tsoma ƙafar keken gaba ɗaya, na kuwa ga kumfa na fitowa daga gindin bawul, wato bakin da ake ba taya iska, ɗaya bayan ɗaya. Na yi farin ciki ranar kamar an yi mini bushara. Na canza bawul, na ɗaure notinsa da ƙarfi, kumfa ta ci gaba. Na sake sayen wani nau'in mai gindi daban, na ɗaure har da filaya, abin da na sani sarai bai kamata ba, kumfa ba ta fasa ba. Bawul biyu na saya a banza.

Ɓarnar da ta fi wannan ita ce wadda tsoro ya jawo. Tun da na san iska za ta ragu a hanya, sai na riƙa cika tayar baya har ba 3.5 kafin in fita, don in sami abin da zai kai ni rabin tafiya. Duk wanda ya hau tudun Sant Miquel, mai tsohuwar hasumiya a samansa, ta kwarin Sant Daniel ya san yadda hanyar take: tana farawa a hankali a gefen rafin Galligants, ta wuce tsohon gidan ibadar Sant Daniel, sa'an nan can sama ta miƙe tsaye, ga tsakuwa sako-sako, ga kwazazzaban da ruwan sama ya haƙa. Da tayar da ta yi tauri haka, ina danna feda sai ƙafar baya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana watsa tsakuwa, in na miƙe daga sirdi abin ya ƙara lalacewa, in na zauna na matsa baya kan keken ya ɗaga. Sau biyar na gwada wannan hawa, sau biyar ina sauka in tura a kusan wuri guda, wasu dattawa da suka haife ni suna wuce ni suna gaishe ni cikin ladabi. Na zargi ƙafafuna, na zargi giya, har na kai ga tambayar farashin manyan haƙoran baya, aka ce mini sai na canza har da abin sauya giyar. Allah ya taimake ni kuɗin ba su kai ba a lokacin.

Ranar da abin ya kai ni bango a tsakiyar Satumba ne, a gangaren da ke sauka daga Els Àngels, wani coci da ke kan tsauni, zuwa ƙauyen Madremanya. Iska ta riga ta ragu ban lura ba, na faɗa wani rami, bakin tayar ya saki rim, sauran iskar ta fita lokaci ɗaya tare da ruwan facin. Na sa tub ɗin ajiya, amma da yake ban tsaya na shafa cikin tayar ba, wata tsohuwar ƙaya da ruwan faci ya daɗe da rufewa ta huda shi kafin in yi kilomita ɗaya. Na tura keken har cikin ƙauyen da takalmin hawa, na kira tasi, ya caje ni Yuro 48 zuwa Girona. Wannan kuɗi har yau yana yi mini ciwo fiye da na tayar.

Gano matsalar kuwa ba wayona ba ne. Ina wanke keken bayan kwana biyu da sake haɗa tubles ɗin, sai na ga ɗan farin ɗigo ya bushe a gindin ɗaya daga wayoyin ƙafar keken, can nesa da bawul, kusan a ɗaya ɓangaren ƙafar. Na tsaya ina kallonsa, domin babu hanyar da ruwan faci zai bi ya iso nan sai ta cikin kogon rim, kuma babu abin da ya raba kogon da cikin taya sai tef ɗin da ake manna wa rim don ya rufe ramukan wayoyin. Na cire tayar, na goge tef ɗin, na bi shi da farce rami bayan rami, sai ga wata tsaga da ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba a gefen ramin wata waya. Nan take na tuna da ranar da na fara sa tayar a Yuli, lokacin da ta ƙi shiga na zura liba, wato abin ɓanɓare taya, da ƙarfi. Laifina ne tun daga farko. Iska tana bi ta tsagar ta shiga kogon rim, ta zagaya ta nemi mafita, kuma mafita mafi faɗi ita ce ramin bawul na ɓangaren waje, shi ya sa kumfa ke fitowa a can alhali bawul ɗin lafiyarsa ƙalau. Ruwan faci kuma yakan ɗan toshe tsagar idan keke na ajiye ko yana kan hanya mai laushi, jijjigar dutse ta sake buɗe ta. Duk wanda ya ga kumfa a gindin bawul, ina roƙonsa ya duba tef kafin ya kai hannu aljihu.

Gyaran bai kai Yuro 15 ba. Na yaye tsohon tef gaba ɗaya, na girgiza ƙafar don ruwan da ya taru a kogon ya fita, na bar ta kwana guda ta bushe, na goge gadon rim da sifirit har ya daina danƙo. Tsohon tef ɗin milimita 23 ne daidai da faɗin rim, wanda ke nufin da ya lotsa cikin kwarin tsakiya sai gefensa ya janye daga bango, don haka wannan karon na ɗauki mai milimita 25. Na fara shi kamar taƙi ɗaya kafin ramin bawul, ina ja da ƙarfi ina danne tsakiya da babban yatsa, na zagayo na wuce ramin da wani taƙin. Ramin bawul kuma ban yanka shi da wuƙa ba, na huda shi da basilla da na ɗan ɗumama. Sa'an nan na sa tub, na ba shi iska sosai, na bar shi ya kwana yana danne tef ɗin. Washegari na sa tayar da ruwan sabulu da hannu kawai, na ɗaure notin bawul da yatsu. Kwana huɗu allurar gejin ba ta motsa yadda ido zai gani ba.

Ranar Asabar na fita da ba 2.4 a baya da 2.2 a gaba, ni kuma nauyina kilo 78 ne. A hawan Sant Miquel na isa wurin da na saba sauka gabana na faɗuwa, na zauna a bakin sirdi, na sunkuyar da ƙirji, sai na ji tayar tana kama ƙasa tana lanƙwashewa a kan duwatsun da a da take tsalle a kansu. Giyar nan da na raina ita ce ta kai ni har gindin hasumiyar. Ba zan ɓoye muku ba, na yi kabbara da ƙarfi, wata mata mai yawo da kare ta waiwayo. Daga nan na bi hanyoyin daji zuwa Els Àngels, mai tsayin mita 484, inda mai zane Salvador Dalí ya ɗaura aurensa a 1958. Masu keken kwalta sun cika harabar kamar kullum, amma mita ɗari kacal cikin daji babu kowa. Wannan shi ne abin da ya sa nake son Gavarres: sa'a guda sai ka yi ba ka ji ƙarar injin ba, sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashinka. Itatuwan suro da aka ɓare wa ɓawo a bazarar nan don yin murfin kwalba suna tsaye da jajayen gindi kamar an shafa musu jan ƙasa, kuma ba za a sake taɓa su ba sai bayan shekara goma sha biyu ko fiye.

Gangaren Madremanya da ya ci mini Yuro 48 na sauke shi a hankali, ina sauraron rim, bai daki komai ba. Na sha shayi a dandalin Monells mai rumfunan dutse, na cika gora, domin a cikin dajin ba a dogara da samun ruwa. Shirina na farko shi ne in ratsa ta cikin daji har Cassà de la Selva, amma na tarar da allon mafarautan aladun daji a bakin hanyar, ga kukan karnuka a ƙasan kwarin. Lokacinsu ne yanzu, kuma ban ga dalilin gardama da mai bindiga ba, sai na bi kwaltar Santa Pellaia, wadda ita ma shiru gare ta, na sauka Cassà, na kama Carrilet ta Llambilles da Quart zuwa gida. Da na iso na ɗora geji, baya ta nuna 2.3.

Abin da ya rage mini yanzu shi ne notocin wayoyin. Ruwan faci ya yi wata uku yana kwana a cikin kogon rim, notocin kuma na alminiyom ne, wasu nau'ukan ruwan facin kuwa suna cin alminiyom. Biyu daga cikinsu sun yi fari-fari a gindi, ɗaya ya ƙi juyawa da na gwada shi da sifana. Na ɗiga masa mai na bar shi zuwa ƙarshen mako. Idan ya saki, zan nufi kudu wajen Romanyà de la Selva in ga yadda ba 2.4 zai yi a kan sauló, inda nake zaton sai na ƙara ragewa. Idan ya ƙi, sai an sake yaye tef ɗin da na sha wahalar sawa kafin a kai ga notin, kuma wanda ya taɓa ceto irin wannan noti ba tare da yanke waya ba, ina jiran ya gaya mini yadda ya yi.